Taku Ɗaya

Ƙarfe biyar na rufe akwatin agogo,
na bar allurai suna ta gardamarsu.
A bayan tashar jirgin Ebute-Meta,
ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo,
Baba Oladosu ya shimfiɗa allon ces
a kan benci mai ƙafa uku da bulo.

Yau farare nawa ne.
Taku ɗaya na fi shi, shi ne duk jarina,
kamar wanda ya yi sammako
ya riga danfo hawa gada.

Na tura sojan gaban sarki gida biyu.
Shi kuwa, tsohon akawun jirgin ƙasa,
ya matsa nasa gida ɗaya tak,
kamar mai leƙen hadari ta taga.
"Tsarin Faransa," in ji shi, kullum sai ya faɗa,
shi da ko Kwatano bai taɓa takawa ba.

Na ƙara soja, ya ƙara soja,
na wuce gaba na tokare.
Tsakiya ta cushe:
babbar gada ran Litinin da safe,
ba gaba, ba baya,
kowa na huci a bayan sitiyari.

Fili nawa ne, na miƙe ƙafa.
Shi yana can a takure
kamar mutum goma a ɗaki ɗaya a Mushin.
Limaminsa na farin gida
ya rasa ƙofa, nasa ne suka tare shi.
Na yi dariya a ciki.

Ashe Baba ba ya saran reshe, gindi yake nema.
Ta gefe ya ɓullo: soja, sai doki,
sai sarauniya ta leƙo ta kwana,
duk a kan sojana guda
wanda ya ɗauki na gaba a ka
kamar ɗan dako a kasuwar Oyingbo.
Gara ba ta shela.
Ran da ka ji ƙara, katako ya riga ya tafi.

Ruwa ya sauko.
Iya Risi ta janye kaskon masararta.
Jirgin ƙarfe shida ya wuce, benci ya girgiza,
sarkina ya yi rawa, bai faɗi ba.

Wata uku ke nan yana cinye ni haka,
ba da sara ba, da jira.
Shekara goma sha ɗaya ina gyara lokacin mutane,
nawa kuwa kullum gudu yake.
Yau na danne hannuna da cinya.
Na tallafi ɗan dakon, na sake tallafa masa,
na ɓoye sarki a lungu,
na bar Baba ya yi ta ƙwanƙwasa.

Can ya kai nasa sarkin kusurwa,
sai na ga abin:
dokin da ya kamata ya yi gadi a ƙofar
ba ya nan, sojana ya hana shi wurin tsayawa.
Limamina ya daɗe yana kallon gidan
kamar mai bin bashi.

Na ɗauke shi, na sayar da shi a kan soja ɗaya.
"Sarki, Baba."

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya ci. Dokina ya yi tsalle. "Sarki kuma."
Yanzu ko ya koma ɗaki a rufe shi,
ko ya fito tsakar gida cikin ruwa.
Ban san ƙarshen na biyun ba.
Wallahi ban lissafa har can ba.

Sai aka ɗauke wuta.

"Tanimu," in ji shi cikin duhu, "gobe."
Ya haska ashana, ya rubuta takunsa
a bayan tsohon tikiti, ya ninke huɗu,
ya ba Iya Risi ta ƙulle a bakin zane.

Na tafi Idi-Araba da jiƙaƙƙen takalmi,
limami ɗaya ya tafi, ban san me na saya ba.
A akwatina agogo ashirin suna bugawa,
babu biyu da suka yarda da juna,
ni kuma ina jiran ƙarfe biyar.